Injin da Ya Ƙi Ruwan Kogi

Yayana ya faɗo gidanmu da sassafe da jakar sufanu a kafaɗa, bai ma gama amsa gaisuwa ba ya ce ya zo ceton injin jirginmu. Babu wanda ya aika masa. Injin ma lafiyarsa ƙalau, fulogi kawai maigidana yake so a canza, aikin da shi kan yi yana hira da mutane. Sai dai yana kwance da karaya a ƙafa tun ranar da santsi ya kwashe shi a matakalar tasha.

A gaban idonsa Injiniya ake kiran Yaya, shi ya raɗa wa kansa. In ya ba da baya kuwa sunansa Kwance-Duka. Ya kwance rediyon mahaifiyarmu, ya kwance keken ɗinkina, ya kwance agogon bangon maƙwabta, duk cikinsu babu wanda ya sake motsi. Amma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Bakina bai taɓa iya ce masa a'a ba, maigidana kuwa ko ido ba ya iya haɗawa da shi don kunya.

"Fulogi kawai?" in ji Yaya. "Kai da kake kwance ina ka san halin da inji yake ciki? Jiya daga kan titi na jiyo kukansa. Wannan injin tari gare shi a ƙirji."

"Yaya, da dai an bar shi a fulogin," in ji maigida a hankali.

"In na gama da shi, za a ƙetare a dawo kafin shayi ya huce. Sai kun riƙa ɗaure fasinja da igiya kada iska ta kwashe su. Auta, ɗauko min jakar."

Na ɗauko ba da son raina ba, don na san abin da za mu iya rasawa. A tasharmu kowane jirgi da turkensa, inda ake ɗaure shi, inda kuma fasinja ke samunsa. Namu ne na farko daga matakala, mahaifin maigidana ya kafa shi da hannunsa. Dokar ƙungiya kuwa ba ta da kwana: jirgin da ya yi kwana uku a jere bai kai fasinja ƙetare ya dawo ba, da Ciyaman ya busa usur ƙarfe biyar na rana ta uku, turkensa ya zama na mai jiran layi. Mai jiran layin nan Dogo ne, shekararsa huɗu yana ɗaure jirgi can cikin ciyawa inda ko akuya ba ta zuwa. Tun da ƙafar ta karye ni nake tuƙi don kada turken ya kuɓuce. Tuƙi na iya, amma ban taɓa buɗe murfin inji ba. Makaniken tasha kuma ya yi tafiya, sai mako na sama.

A bayan rumfar Mai Shayi akwai wani duro cike da ruwa, a nan masu jirgi ke gwada inji a kan tudu. Yaya ya sa aka kinkimo namu, ya ɗaure shi a katako, ƙafarsa da farfelarsa a cikin duron. Ya canza fulogi yana yi wa jama'a bayanin yadda wuta ke tafiya a cikin ƙarfe, idonsa a kan masu saurare, hannunsa yana can yana lalube. Ya rufe murfi, ya ja igiya, ya murɗa totur. Injin ya yi ƙara har kofuna suka hau rawa a teburin Mai Shayi, ruwa ya yi kumfa ya fantsama ko'ina.

"Kun ji?" in ji Yaya. "Masu kamfanin ma ba su san yana da wannan muryar ba."

Muka mayar da shi jirgi, fasinja takwas suka shiga. Ina sa giya na murɗa totur, sai muryar ta koma ciki. Buu, buu, kamar saniyar da ta ƙoshi. Jirgin ya ɗan matsa, ya yi tunani, ya ƙara matsawa. Akwai wani tsoho mai kwalekwale da ke kamun kifi a bakin tasha, sai ga shi ya taho ta gefenmu yana tuƙi da filafili, hannu ɗaya, ɗayan yana sosa ƙeya.

"Sannunku da hutawa," in ji shi. "Ko akwai saƙo in kai muku ƙetare?"

Ya wuce mu ya bar mu. Ƙarfin ruwa ya ja mu ƙasa da tasha, da gora na turo jirgin muka dawo. Fasinjojina takwas suka sauka a jere suka shige jirgin Dogo.

"Mai ne," in ji Yaya. Ya tsoma yatsa a tanki ya lasa, ya juya shi a baki, ya tofar. "Wannan man ya kwana biyu, ya yi tsami."

Ya cire safarsa ta dama ya tace man tas a cikinta. Aka kai inji duro, ya yi ruri. Aka mayar kogi, ya koma buu, buu. Ya ce safar ce ta yi faɗi, ya cire ta hagu. Aka kai duro, aka mayar kogi. Mutanen da ke kinkimar injin suka fara ɓuya a bayan rumfa. Ƙarfe biyar Ciyaman ya busa usur, ya ɗaga min yatsa ɗaya.

Da na koma gida na zayyana wa maigida komai. Ya dubi ƙafarsa.

"In a duro yana ƙara, a kogi yana nishi, ƙarfi ne babu," in ji shi. "A duro farfela kumfa take kaɗawa, ba ta ɗauke da kaya. Ki ce masa ya duba hular fulogi, wataƙila ba ta zauna ba. Amma ki faɗa da ladabi."

Washegari na faɗa da ladabi. Yaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Yanzu har daga kan gado ake koya min aiki?" Ya ɗage murfi, ya ƙwanƙwasa wata baƙar roba a sama. "Mene ne wannan?"

"Hula ce, Yaya."

"Ta zauna ko ba ta zauna ba?"

"Ta zauna."

"To ki gaya wa mijinki ya kula da ƙafarsa. Ciwon a kafireta yake. Kawo min faranti mai tsabta."

Wani mai jirgi ya matso ya leƙa, ya ce ko a duba ta ƙasa ma. Yaya ya nuna shi da sufana ya tambaye shi tun yaushe ya zama likita. Daga nan babu wanda ya sake matsowa, kowa ya nemi benci ya zauna kallo.

Na kawo babban tiren da nake kai wa baƙi abinci. Ya zazzage cikin kafireta a kai, ya jera ƙananan notuna sahu-sahu, yana kiran kowanne da sunan da ya ga dama. Akwai wata tsohuwa da muke kira Iya Mai Kaji, kullum sai ta ƙetare da kwandon kajinta. Tana zaune tana jiran jirgi, wata jar kaza ta zaro kai ta zame daga kwandon. Ta tako a hankali, ta karkata kai ta dubi tiren, ta zaɓi wani ɗan noti na tagulla wanda bai fi ƙwayar masara ba, ta haɗiye.

Yaya bai ankara ba sai da ya ƙirga. Ya ƙirga sau uku. Mai Shayi ne ya nuna masa kazar da cokali.

Ban taɓa sanin Yaya yana da gudu ba. Suka zaga rumfa sau biyu, kaza a gaba, Injiniya a baya da safa babu ko ɗaya. Ta bi ta ƙarƙashin benci, shi ya bi ta kai, bencin ya kife da mutum uku. A ƙarshe a cikin jirgin Dogo ya cafke ta. Ya dawo yana haki, ya shimfiɗe ta a kan tire, ya miƙa hannu cikin jaka.

"Me za ka yi mata?" in ji Iya.

"Buɗewa zan yi in ɗauko abina. Ba za ta ji komai ba."

"Ka buɗe ta, sai kuma wa ya rufe?"

"Ni mana."

"Ɗan nan, tun kana tafiya ba wando na san ka. Faɗa min abu ɗaya da ka taɓa buɗewa ya koma yadda yake, in ba ka kazar kyauta."

Yaya ya ɗaga kai sama yana tunani. Jama'a suka taya shi tunani. Babu wanda ya tuno komai.

Sai aka kife kazar da kwando a kan tirena, aka zauna jira. Awa uku tasha guda tana gadin kaza. Mai Shayi ya ba ta ruwan ɗumi, wani ya ce a riƙa yi mata fito, Yaya kuwa yana durƙushe da kunne a jikin kwando yana cewa ya ji abin ya sauko giya ta biyu. Wajen ƙarfe ɗaya aka ji ƙaras a kan tire. Mai Shayi ya buga cokali a kofi ya sanar da jama'a an sauka lafiya. Tiren nan dai ko maƙiyina ya zo min baƙunta ba zan sake kai masa abinci a kai ba.

Aka wanke noti aka mayar. Abin mamaki, kafiretar ta haɗu, don Iya ta tsaya a kansa tana nuna masa ramin da kowane noti ya fito. Aka kai duro, ya yi ruri. Aka mayar kogi, buu, buu.

"Nauyi ne," in ji Yaya. "Mutanen garin nan sun cika ci."

Fasinja uku ne suka yi kasadar shiga, ya sauke su. Ya cire bencina biyu, ya cire dutsen da muke tsayar da jirgi da shi, ya cire bokitin kwarfe ruwa, ya tuɓe takalmansa ya jefa gaɓa. Ya dube ni, na ce ni kam ba inda za ni. Jirgi ya zama fayau kamar ƙwaryar da aka wanke, amma tafiyar ba ta canza ba. Da muka turo gora muka dawo, na tarar da Dogo a tsugune yana gwada igiyarsa a jikin turkenmu.

"Gani nake ko za ta kai," in ji shi. "Kada gobe in zo ina kame-kame."

Ciyaman ya busa usur, ya ɗaga min yatsa biyu.

Ranar maigida bai ci abinci ba. Na ce masa hula ta zauna, da idona na gani. Ya juya fuska bango.

"A ka Baba ya ɗauko itacen turken nan, tafiyar rabin yini," in ji shi. "Ina yaro ina bin sa da diga. Shekara talatin ruwa bai tumɓuke shi ba, sai a hannuna za a ce ya tafi, ina kwance kamar buhu."

"Bari in ce wa Yaya ya haƙura haka."

"Ki ce masa me? Mutumin da ya ba ni ke?"

Na fita tsakar gida na yi kukana, na wanke fuska. Haushin Yaya nake ji, ina kuma jin tausayinsa, don har ga Allah shi taimako yake yi.

Rana ta uku Yaya ya iso tasha da farar riga, fuska tana sheƙi. Ya hau kan benci ya ce kowa ya matso, har Ciyaman.

"Zan yi muku tambaya, ku amsa da gaskiya. A cikin duro injin nan yana yi?"

"Yana yi," in ji jama'a.

"A cikin kogi fa?"

"Ba ya yi."

"Injin ɗaya ne? Man ɗaya ne? Mai gyaran ɗaya ne?"

"Wannan na ƙarshen dai shi ne abin dubawa," in ji Mai Shayi.

Yaya ya yi kamar bai ji ba. "To me ya bambanta? Ruwa. Na duro ruwan famfo ne, mai laushi, mai tsabta. Na kogi kuwa laka ce da yashi da dattin wankin mutane. Gaskiyar magana, na gyara injin nan har ya fi ƙarfin ruwan kogi. Ba ya son sa."

"To kogin za ka canza?" in ji Mai Shayi.

"Na yi wannan tunanin, lokaci ne babu. Duron za mu tafi da shi."

Ya bayyana yadda zai ɗaure duron a bayan jirgi, ƙafar inji a ciki, injin yana shan ruwan da yake so, jirgi yana tafiya. Ciyaman ya gyara tsayuwa.

"Injiniya, in farfela tana cikin duro, me za ta tura?"

"Ruwa."

"Ruwan kuma ya tura me?"

"Duro."

"Duron fa?"

"Duron a jikin jirgi yake ɗaure, ranka ya daɗe. Ka ga da bakinka ka amsa."

Ciyaman ya koma kujerarsa yana lissafi da yatsu. Ni na san akwai ɓaraka a maganar, amma na rasa ta inda zan kama ta. Na ce, "Yaya, anya kuwa?" Ya ce in tafi famfo in fara ɗibo ruwa.

Aikin ya ci yini. Bencinan da ya cire jiya su ya kafa a bayan jirgi suka zama gadon duro. Igiyar shanyata ta tafi, igiyar rumfar Mai Shayi ta tafi, har ɗamarar wandon wani mai dako. Bokiti goma sha biyu na ɗauko a ka. Da duron ya cika, bayan jirgin ya nutse, hancinsa ya ɗaga sama yana kallon gajimare. Ƙarfe huɗu ta wuce, ga shi doka ta ce sai da fasinja, kowa kuwa ya ɗaure hannu a baya.

Iya Mai Kaji ta miƙe ta ɗauki kwandonta.

"Ni zan shiga. Na tsufa, ban taɓa ganin irin wannan ba, ba kuma zan yarda a ba ni labari ba."

Muka zaunar da ita can kan hanci ita da kajinta don jirgin ya ɗan daidaita. Ina ɗaga kai sai na hango maigida a saman matakala, ya dogara sanda, Mai Shayi yana riƙe da shi. Ya sauko da ƙyar ya tsaya a jikin turke. Dogo yana gefe da igiyarsa a naɗe a hannu.

Na tura mu da gora har inda ruwa ke da ƙarfi. Yaya ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ce in riƙe da kyau, ya ce wa Iya ta danne ɗankwalinta. Ya ja igiya, ya sa giya, ya murɗe totur har ƙarshe.

Injin ya yi rurin da bai taɓa yi ba. Ruwan famfona ya tashi sama ya dawo kanmu, kaji suka ɓarke da kuka, farar riga ta manne a jiki. Na dubi gaɓa, na ga itacen da ke daidai da mu yana nan daidai da mu. Can sai ya fara matsawa, amma ta wajen da bai kamata ba. Kogi ya ɗauke mu a karkace yana gangarawa da mu.

"Kin ji ƙarfi?" Yaya ya yi min ihu a kunne.

"Yaya, ba ma tafiya."

"Muna yi. Ba ki ga tasha tana nisa ba?"

"Ƙasa muke yi."

"Gudun ne ya rikita miki ido."

Jama'a suka biyo gaɓa suna bin mu, wasu suna faɗuwa don dariya. Tsoho mai kwalekwale ya ajiye filafili a cinya ya zuba tagumi. Iya ta leƙo daga bayan kwando, ruwa yana ɗiga daga haɓarta.

"Ɗan nan, in mun iso ka tashe ni."

Kafin minti biyar duron ya kusa ƙafewa. Yaya ya rarumi kwanon ruwan kaji ya fara kamfato na kogi yana zubawa a ciki.

"Ai ka ce ba ya son wannan," na ce.

"In a duro yake bai san na kogi ba ne."

Injin ya fara wari. Yaya ya fizge murfi ya ce iska yake so. Ya sunkuya, ya cusa hannu ta ƙasa yana laluben abin da shi ma bai sani ba. Sai na ji ya yi wata ƙara irin ta akuyar da aka taka wa wutsiya, gashin hannunsa ya miƙe, ya yi tsalle da baya ya rungumi duro. Igiyar shanyata ta ce ɗas. Na danna maɓallin kashe inji, Yaya da duron da bencina biyu suka tafi cikin ruwa gaba ɗaya.

Sai ga kansa ya ɓullo, sannan kafaɗu. Ashe mun gangaro gefen wani tudun yashi da ke tsakiyar kogi, ruwan iya ƙirjinsa. Ya tsaya yana tari, yana riƙe da bakin duro.

"Ya cije ni," in ji shi. "Injin mijinki yana cizo."

Na dubi inda ya sa hannu. A ƙarƙashin baƙar hular da ya ƙwanƙwasa min jiya, can a lungu, ga wata irinta sak tana reto a bakin waya, ga kan sabon fulogi fari tas a tsirara. Ashe biyu ne. Kwana uku injin nan da rabin ransa yake aiki. Na kama hular na ɗora a kan fulogin na danna, ta ce ƙyas.

Na ja igiya. Muryar da na sani ta dawo, mai kauri, mai daidaito, har cikin tafin ƙafata na ji ta.

"Yauwa, ya gyaru," in ji Yaya daga cikin ruwa. "Na faɗa muku. Matso ki ɗauke ni."

Na dubi agogon hannuna, biyar saura ashirin da biyar. Daga inda muka gangaro, zuwa ƙetare da komawa tasha zai ci ashirin. In kuwa zan ɗauki Yaya, sai na ɗage inji na shiga yashi da gora, na jawo shi, na fito, minti goma sun tafi. Na dubi mutumin da ya goya ni ya kai ni makaranta. Na hango can nesa wani ɗan baƙin abu a jikin turke, tsaye da ƙafa ɗaya.

"Yaya, ƙafarka tana taɓa ƙasa?"

"Tana taɓawa. Me ya sa?"

"Da kyau take taɓawa?"

"Daram nake. Auta, me ya sa kike tambaya?"

"To ka yafe min."

Na sa giya. Jirgi ya zabura, Iya ta rungume kwando, ɗankwalinta ya tashi ya bi iska. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya zan koma. Hancin jirgi yana taɓa ƙetare Iya ta zura ƙafa ɗaya ta taka ƙasa ta janye.

"Na sauka, na hau. Juya, 'yar nan."

A hanyar dawowa muka wuce ta gefen Yaya. Ya hau kan duron ya zauna, yana kaɗa farar riga, yana faɗin wata magana game da tarbiyya. Igiyar ruwan da muka tayar ta sauke shi.

Na shigo tasha Ciyaman yana tsaye da usur a baki, ido a kan agogo, kumatu sun fara cika. Dogo ya riga ya warware igiyarsa. Na kashe inji, na wurga tamu tun jirgi bai tsaya ba. Maigida ya saki sanda ya cafe, ya naɗa ta a turke sau biyu ya ƙulle, sannan usur ya tashi. Maigida ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin itacen, ya rufe fuska da tafin hannu. Dogo ya naɗe igiyarsa a hankali, ya ce dama ba ta kai ba.

Sai da hayaniya ta lafa Ciyaman ya tuna da Injiniya. Ni na gaji, ba zan iya sake tuƙi ba, sai aka roƙi Dogo ya je ya ɗauko shi. Muna kallo ya isa kusa da tudun, ya tsaya, suka yi magana, sai muka ga ya juyo da gudu shi kaɗai.

"Lafiya?" in ji Ciyaman.

"Cewa ya yi tun daga nesa ya ji injina yana tari a ƙirji, in matso ya duba min. A nemi wani."

Aka dubi sauran masu jirgi, kowa ya tuna yana da uzuri. A ƙarshe tsoho mai kwalekwale aka tura, tunda nasa babu noti ko ɗaya a jiki. Ya kawo shi a zaune a tsakiya, hannuwa a kan gwiwa, filafilin kuwa tsohon ya riƙe shi nesa da shi.

Yaya ya tako matakala yana ɗigar ruwa, ba riga, ba takalmi, ba safa. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Bari, Auta. Gwajin ya yi. Girgizar duron ce ta fito da ciwon fili, ke kuma kika ƙarasa ɗan abin da ya rage." Ya dafa turke don ya matse ƙafar wandonsa. Sai ya tsaya. Ya ɗan girgiza itacen, ya kara kunne a jikinsa, ya ƙwanƙwasa. "Wannan turken naku ai ya yi sanyi a gindi. Wanda ya kafa shi bai san aiki ba. A kawo min diga in tumɓuke shi in sake kafa muku."

Shekara goma sha biyu ina aure, ban taɓa jin maigidana ya ɗaga murya a gaban Yaya ba. Ya lallaɓa ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ya zagaye turken da hannun hagu ya rungume, ya ɗauki sandarsa da na dama ya ɗaga ta sama. Ya dubi Yaya ido cikin ido.

"Yaya, ka ba ni mata, na gode, har in mutu ina godiya. Gidana gidanka ne, abincina abincinka ne. Amma wallahi ka sake taɓa itacen nan, gado biyu za a shimfiɗa a ɗakin masu karaya."

Yaya ya janye hannunsa a hankali, ya sa a aljihu.